Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mana a Jinyar Hajiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin ni kaina da ƙannena da dukkan iyalan gidanmu da ke unguwar Gwale a birnin Kano, ina miƙa godiya ga 'yan'uwa da abokan arziki da suka tsaya mana a jinyar mahaifiyarmu Hajiya, jinyar da ta ɗauki wata 14 kafin likita ya shaida mana a makon jiya cewa ciwon ya kwanta. Kalmar da ya zaɓa ke nan, bai ce ya warke ba, mu kuma mun karɓe ta yadda take, mun yi hamdala.

Da yawa daga cikin masu zuwa dubiya sun koma gida ba su san abin da ke damunta ba, domin mu kanmu mun yi kusan wata uku muna lalube. Da miki a baki abin ya fara, muka ɗauka zafi ne, aka yi ta sayen maganin kurkurar baki a kemis. Daga baya ƙuraje masu ruwa suka feso mata a baya da ƙirji da tsakiyar kai, ba sa jimawa suke fashewa, fatar ta saluɓe kamar wadda ruwan zafi ya zuba wa. An ce farankama ce, an ce sammu ne, wasu kuma suka yi ƙasa da murya suka ambaci abin da ba zan maimaita ba. Sai da muka kai ta wajen likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka yanki ɗan guntun fatarta aka kai ɗakin gwaji, sannan muka ji sunan ciwon, wato femfigus. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa sinadarin da ke manne ƙwayoyin halittar fata da juna, kamar a zare siminti daga tsakanin bulo. Ba a ɗaukarsa ta taɓawa, ko ta kwano, ko ta numfashi.

Saboda haka godiyata ta farko ga Gwaggo take, ƙanwar mahaifinmu, wadda tun kafin sakamakon gwajin ya fito ta tattaro kayanta daga Kurna ta tare a ɗakin Hajiya. A lokacin da wasu suke tsayawa daga bakin ƙofa su yi sannu, ita ce take jiƙa zanen gadon da ya manne wa miki da ruwan gishirin asibiti, ta ɗaga shi a hankali, ta shafa man da aka rubuta, ta kuma dama kunun gyaɗa ta bari ya huce, domin bakin Hajiya ba ya iya ɗaukar yaji ko abu mai zafi. Gwaggo, ba mu da abin da za mu biya ki, Allah Ya biya ki da gidan Aljanna.

Maganin da ya tsayar da ƙurajen shi ne firednisolon, ɗaya daga cikin magungunan da ake kira sitiroyid, waɗanda aikinsu shi ne lafar da garkuwar jiki. An auna shi da nauyinta, miligiram 1 ga kowane kilo, ya kama miligiram 60 a rana, wato ƙwaya 12 ta miligiram 5 kowace safiya bayan karin kumallo. Cikin 'yan makonni sababbin ƙuraje suka daina fitowa. Kafin a fara amfani da irin wannan magani a shekarun 1950, mafi yawan masu wannan ciwo ba sa tashi, saboda ƙwayoyin cuta da ke shiga ta miki da ruwan da jiki yake asara. Duk da haka maganin ya zo da nasa nauyin. Fuskar Hajiya ta kumbura ta yi zagaye, sukarin jininta ya hau, hawan jini ya biyo baya, barci ya ƙaurace mata, kuma matar da muka sani da haƙuri ta koma mai saurin fushi. Aka ƙara mata maganin kare ciki, da sinadarin kalsiyam da bitamin D domin kada ƙashi ya yi rauni. Wata baƙuwa ma ta tambaya ko Hajiya ta fara shan sha-ka-fashe ne, kuma tambayar ba ta rasa tushe ba, tun da dangin wannan maganin ne wasu suke sha don neman ƙiba ba tare da sanin haɗarinsa ba.

A nan ne ya wajaba in gode wa autarmu, wadda ta buɗe littafi na musamman tana rubuta adadin ƙwayoyi da awon sukari kullum. Ba a yanke wannan magani lokaci guda, domin idan an daɗe ana shansa jiki yakan rage samar da irin nasa sinadarin, tsayar da shi kwatsam kuma yana iya jefa mutum cikin halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai, baya ga dawowar ƙurajen. Sannu a hankali likitoci suka riƙa ragewa, suka haɗa mata da wani maganin lafar da garkuwar jiki mai suna azatayofirin, wanda shi kuma yake buƙatar gwajin jini da na hanta a kai a kai. Sau biyu Hajiya ta ce ta gaji, fata ta warke, a bar ta haka. Sau biyun auta ta durƙusa ta ce, "Umma, ki yi haƙuri, ba ni na rubuta ba, amma ni zan ƙirga." Yau ƙwaya ɗaya tak take sha.

Muna godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi mana bayani da Hausa har muka gane, suka kuma gaya mana gaskiya game da allurar rituksimab, wadda Amurka ta amince da ita don wannan ciwo a 2018, amma kuɗinta ya fi ƙarfinmu. Muna godiya ga Kawu da abokan kasuwancinsa na Kantin Kwari da suka haɗa kuɗin gwaje-gwaje ba tare da mun buɗe baki ba, da maƙwabcinmu mai Adaidaita Sahu da ya riƙa kai mu asibiti da sassafe yana ƙin karɓar ko kwabo, da limamin masallacin unguwarmu da ya faɗa wa jama'a bayan sallar Magariba cewa ciwon ba ya yaɗuwa, abin da ya dawo mana da masu zuwa gaisuwa. Waɗanda suka kawo rubutu da jiƙe-jiƙe, mun san ƙauna ce ta sa, addu'o'inku mun karɓa hannu biyu, jiƙon kuwa mun ajiye bisa shawarar likita, a yafe mana.

Hajiya ta ce in gaida kowa, ta kuma ce ƙofa a buɗe take bayan La'asar. Roƙonmu kawai shi ne duk mai mura ko tari ya dakata har ya samu sauƙi, domin garkuwar jikinta tana nan a danne. Nan da wata biyu za mu koma asibiti a sake awo, muna neman a ci gaba da sa ta a addu'a.