Cakulan da Masu Ƙaurace wa Abin Dabba: Abin da Ke Shiga Injin Niƙa

Tambayar da ta fi zuwa wa mai sana'ar cakulan a 'yan shekarun nan ita ce: wanda ba ya cin nama, ba ya shan madara, ba ya taɓa ƙwai ko zuma, zai iya cin wannan? Koko dai ɗan itace ne. Ana fasa kwalfarsa a kwashe ƙwayoyin, a rufe su kwana 5 zuwa 7 su yi tsami, a shanya har danshinsu ya sauko wajen kashi 7 cikin 100, a gasa, a sheƙe ɓawon, a niƙa. Kimanin rabin ƙwayar mai ne, shi ne man koko. Babu inda dabba ta shigo a duk wannan. Garin koko zalla ma haka yake, har wanda aka gyara da sinadarin kanwa don ya yi duhu.

Matsalar tana farawa ne daga abin da aka ƙara. Mu a wajenmu, kilo ɗaya na baƙin cakulan mai kashi 70 shi ne giram 600 na ɓarzajjen koko, giram 100 na man koko, giram 300 na sukari. Shi ke nan. Ana barinsa a injin dutse awa 24 zuwa 48 har sai harshe ya daina jin tsaki-tsaki. Amma kada wannan lamba ta 70 ta ruɗe ku, yawan koko kawai take nunawa, ba ta ce komai ba game da ragowar 30 ɗin. Masu aikin sauri suna zuba man madara a baƙin cakulan don ya yi laushi kuma ya daɗe bai yi farin kurji a sama ba. Dabara ce ta rufe gazawa wajen daidaita zafi, wato narkar da cakulan da sanyaya shi daki-daki don ya daskare da kyau, kuma su ne ke karya farashi har mai saye ya zo yana cewa namu ya yi tsada. A juya bayan takarda a karanta: in an ga whey, casein, lactose ko butterfat, madara ce ta sauya riga.

Cakulan mai madara kuwa, tun da Daniel Peter ya haɗa shi a Siwizalan a 1875, madara ce ginshiƙinsa. Farin cakulan ma haka, dokar Tarayyar Turai ta ce sai ya ƙunshi aƙalla kashi 14 na busasshiyar madara. Garin shayin cakulan da ake zuba wa ruwan zafi kawai, yawancinsa da garin madara a ciki.

Akwai kuma ɓoyayyun da ba kowa ke lura da su ba. Wasu matatun sukarin rake, musamman a Amurka, da gawayin ƙashin shanu suke tace shi ya yi fari, kuma ba a rubuta hakan a buhu. Sukarin da ake yi da saiwar shukar sugar beet ba ya bi ta nan. Ƙyallin nan na gyaɗa ko zabibi da aka lulluɓe da cakulan sau da yawa abin da ake rubuta wa lamba E904 a jerin sinadarai ne, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa. Jan launi E120 daga jikin ƙwaro ake samunsa, E901 kuma kakin zuma ne. Lesitin, wato E322, galibi na waken soya ne ko na 'ya'yan furen rana, wannan ba laifi.

Inda gwaninta take shi ne yin mai kama da na madara ba tare da madara ba. Haɗin da ke ba da sakamako mai kyau: giram 250 koko, 270 man koko, 180 garin hatsin ot, 300 sukari. Dole a fara busar da garin a tanda mai sanyin wuta, wajen digiri 120 na minti 15 zuwa 20, domin ɗan danshi kaɗan ya isa ya sa cakulan ya dunƙule a injin ya ƙi gudu. In garin ya yi yawa, sai ya manne a dasashi. Wasu sun fi son garin madarar kwakwa don maiƙonsa, to a nan ake shan wahalar dillalai. Da yawa daga irin wannan garin ana saka masa sodium caseinate don kada ya cure, kuma daga madarar saniya ake yin sa. Dillali zai rantse maka kwakwa ce tsantsa, kai kuma ka buga wa kayanka shaidar da ba gaskiya ba. Ba ma karɓar buhu sai da takardar bayanin sinadarai daga masana'antar da ta yi shi.

Daidaita zafi ma yana sauyawa. Baƙin cakulan, a narkar a digiri 45 zuwa 50, a sauke zuwa 27 ko 28, a ɗaga zuwa 31 ko 32 kafin a zuba a mazubi. Mai madara a 29 zuwa 30 ake tsayar da shi, saboda man madara yana sassauta man koko. Na ot ba shi da wannan man, don haka yana neman zafin da ya kusa na baƙi. Wanda ya bi lissafin mai madara zai ga ya yi kauri da wuri, ya fito da kumfar iska a ciki. In an dace, zai saki mazubi da kansa, bayansa na sheƙi, in ka karya ka ji ƙas.

Saura maganar injin. Ba a wanke layin cakulan da ruwa yadda aka ga dama, yawanci da narkakken man koko ko wani cakulan ake ɗauraye shi. Shi ya sa za ku ga an rubuta cewa wataƙila akwai ɓurɓushin madara, ko da ba a saka ta a haɗin ba. Yawancin masu ƙaurace wa abin dabba suna karɓar wannan, tunda ba da gangan aka zuba ba. Ga wanda jikinsa ba ya jure madara kuwa, ɓurɓushin nan na iya kai shi asibiti. Mu injin daban muka ware wa marar madara, da dutsensa da mazubansa da wuƙar kankara, kuma ba a ara ko da aiki ya yi yawa.