Risiba ce ta mutu, dish ɗinka lafiyarsa ƙalau, don Allah kar a hau kwano

Jama'a akwai wani abu da nake yawan gani a garin nan, musamman farkon damina idan aka fara tsawa da walƙiya. Risibar gida ta ƙone, maigida ya shiga Sabon Gari ko Beirut Road ya sayo sabuwa, ya dawo ya jona, tibi ta rubuta masa No Signal, shikenan kawai sai a yanke hukunci ai dish ne ya goce, a aro tsani a makwabta a tura yaro saman kwano da sufana a hannu, shi kuma maigida yana falo yana ƙwala masa ihu ta taga "juya dama, a'a dawo, tsaya tsaya". Don Allah a daina. Dish ɗin da jiya da daddare yake kawo tashoshi tar babu abin da ya same shi don kawai akwatin da ke cikin falo ya mutu. Tauraron da yake kallo yana can sama wajen kilomita 36,000, yana zagayawa daidai da juyawar duniya shi yasa a wajenmu kamar a kafe yake, kuma saitin da aka yi wa dish ɗin ɗan siriri ne sosai, ka gusar da shi kaɗan sigina ta tafi gaba ɗaya. To kaga da matsala ɗaya ce da kai, yanzu ka mayar da ita biyu, kuma ta biyun sai ka kira mai tirakin, wato mai saita dish, ka biya shi.

Bari mu fara daga kasuwa don a nan ake fara tafka asara. Ba duk akwatin da ke da rimot ne yake aiki da dish ba. Akwai na eriya, wanda zaka ga an rubuta DVB-T2 a jikin kwalinsa, irin wanda ya yi yawa tunda aka ƙaddamar da tsarin dijital a Kano a 2021, shi wannan ko ka kwana kana jona masa wayar dish ba zai nuna komai ba. Dikodar GOtv ma ta eriya ce, StarTimes kuma suna da ta eriya suna da ta dish daban. Abin da kake nema shine wanda aka rubuta DVB-S2, ko kuma kombo mai S2 da T2 a haɗe idan kana son duka biyun. Sannan ka duba ko akwai H.265 a jiki, wasu suna rubuta HEVC, abu ɗaya ne. Dalili kuwa tashoshi suna ta barin tsohon tsarin MPEG-2, shi yasa zaka ga mai tsohuwar risiba yana kukan wai tasha tana magana amma babu hoto, ko sunanta ya fito a jeri amma baƙi ƙirin, risibar ce bata iya karanta sabon tsarin ba. Tunda dai kuɗi zaka fitar gara ka sayi wadda zata jima.

Ka kuma tuna irin tibin da ke gidan. Idan filasma ce HDMI ya wadatar. Idan tsohuwa ce mai ƙeya to ka tabbata risibar tana da wajen wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, don ƙananan risibobin nan na yanzu da ake maƙalawa a bayan tibi wasu ƙaramin rami ɗaya ne da su kuma ba kullum wayarsa take zuwa a kwali ba. Masu sola kuma ku nemi mai aiki da adafta ta volt 12, tafi sauƙin sha'ani, kuma ranar da wuta ta zo da ƙarfi sau da yawa adaftar ce zata tafi ta bar maka risibar.

Wani abu kuma, akwai masu shago da zasu ce maka "Alhaji ɗauki wannan, tana buɗe ƙwallo kyauta, data kawai zaka saka mata". Ni dai ra'ayina kar ka ƙara ko sisi saboda wannan alkawarin. Satar hanya ce, kuma ranar da aka toshe ta babu wanda zaka kama, mai shagon cewa zai yi daga sama ne. Ka saya don tashoshin kyauta da kowa ya san na kyauta ne. Haka kuma idan dish ɗinka na DStv ne da aka saita gabas wajen digiri 36, ka saka masa risibar kyauta, zata kamo sunaye da yawa amma kusan duk da alamar $ a gefe, wato a kulle suke. Wannan kam dole sai an juya dish zuwa wani tauraron, kuma ba shi nake magana a kai ba yau.

To an dawo gida. Idan tsohuwar tana ɗan kawo wuta ko da da ƙyar ne, kafin ka cire ta ka shiga menu wajen Antenna Setting ko Installation ka ɗauki hoton shafin da wayarka, kowane tauraro da ke ciki ka ɗauka. Wannan hoton shine rabin aikin. In ta mutu murus ba komai, akwai hanya, zan zo kai.

Kafin ka taɓa wayar dish ka cire risiba daga soket, ba kashewa da rimot ba, cirewa gaba ɗaya. Mutane da yawa basu san cewa wannan wayar wuta take ɗauka ba, risiba ce take tura volt 13 ko 18 ta cikinta zuwa LNB, wato ɗan abin nan da ke bakin sanda yana kallon cikin dish.  Ba zata ja ka ba, amma idan kana murɗawa da wuta a jiki tagullar tsakiya ta taɓa gefe, sabuwar risibar da ko ledarta baka gama cirewa ba zata iya samun matsala tun ranar farko. Sai ka kalli kan wayar da kyau. Idan ya yi tsatsa ko ya yi kore ko yana lilo, yanke shi ka sake sabo, kan nan araha ne. Ka fere baƙar robar waje, ka lanƙwasa siraran zaren nan baya, ka fere farar robar ciki har tagullar ta fito, ka murɗa kan ya zauna daram, tagullar ta ɗan leƙo kaɗan sama da bakin ƙarfen. Abin da za a kiyaye shine ko zare ɗaya kar ya naɗe jikin tagullar tsakiya, zare ɗaya tak ya isa risiba ta rubuta LNB Short ta ƙi aiki. Sannan a bayan risibar wasu ramuka biyu ne masu kama da juna, LNB IN da LOOP OUT, naka shine IN. A kombo kuma akwai ANT IN na eriya, ba shi ba.

Yanzu ka kunna, ka saita tibi kan HDMI ko AV, in ta tambayi lambar sirri yawanci 0000 ne daga kamfani, in ba shi ba yana cikin 'yar takardar kwali. No Signal ɗin da zaka gani a nan ba abin tashin hankali bane, risibar ce bata san gidan da ta zo ba tukuna. Shiga saitin eriya. LNB Power ya zama a kunne. LNB Frequency, idan ƙaramin dish ne irin wanda ya cika saman gidajen Kano to Universal ne, 9750/10600, shi kuma 22K ka bar shi a Auto don shine yake sauya LNB daga ƙananan mita zuwa manya. Idan kuma katon dish ne irin na raga mai katon LNB, wato C-band, lambarsa 5150. Kuskure a wannan layin kaɗai ya isa ya hana ka ganin komai ko da saitin dish ɗinka ya fi na kowa kyau a unguwar.

A ƙasan shafin akwai layi biyu, Strength da Quality, kuma wallahi da mutane sun fahimci waɗannan biyun da masu tirakin sun rage samun kuɗin banza. Strength kamar ka kira lamba ne tana shiga, Quality kuma an ɗaga. Idan Strength sifili ne to risiba bata ma jin LNB, ka koma kan waya, kan da ka ɗaura, ko LNB Power a kashe yake. Idan Strength ya hau sama amma Quality babu, to waya lafiya LNB yana samun wuta, saiti ne bai dace ba, ko tauraron da ka zaɓa ba shi dish yake kallo ba, ko kuma batun DiSEqC.

Shi DiSEqC ɗin nan shi ya fi wahalar da mutane. Ɗan ƙaramin akwati ne da ake ɗaurewa a bayan dish ko jikin bango idan gida yana da LNB fiye da ɗaya, wayoyi har huɗu su shiga ɗaya ta fito ta tafi falo. A gidan Gwaggona a Gwammaja haka abin yake, LNB biyu, ɗaya na tashoshin Larabawa ɗaya na tashoshin Hausa. Da aka canza mata risiba yaran gidan sun yi sikanin, wato sa risiba ta nemo tashoshi, sun samu na Larabawa kaɗai, ta kira ni tana cewa "kai ɗan nan zo ka duba min, sun ce wai an rufe tashoshin Hausa gaba ɗaya". Na ce "Gwaggo ki kwantar da hankalinki babu wanda ya rufe su". Sabuwar risibar ce take magana da rami na ɗaya kawai, ba a gaya mata akwai wani LNB a rami na biyu ba. Na zaɓi tauraron na saka masa Port 2, Quality ta tashi nan take. In baka san wanne ke kan wanne ba, ko dai ka leƙa akwatin ka bi wayoyin da ido don an rubuta LNB1 zuwa LNB4 a jiki, ko ka zauna a kujerarka ka dinga canza lambar daga 1 zuwa 4 kana kallon layin Quality.

Wanda bai ma san tauraron da dish ɗinsa yake kallo ba fa? Mu nan Kano duk dish kudu yake fuskanta, saboda muna arewa da tsakiyar duniya da wajen digiri 12. Wanda ya karkata yamma yawanci Nilesat ne, digiri 7 yamma, inda ake kamo su MBC da tashoshin Makka da Madina. Wanda ya ɗan karkata gabas kaɗan Eutelsat 16A ne, digiri 16 gabas, inda ake samun tashoshin Hausa irin su Arewa24. In ya ƙara yin gabas ana maganar Badr na Arabsat a digiri 26, ko Astra a 28.2 mai tashoshin Ghana. Amma ko baka gane ba akwai dabara, ka zaɓi kowane tauraro a jerin, ka gyara masa LNB da DiSEqC, ka danna Blind Scan. Shi wannan sikanin baya dogara da lambobin da aka zuba wa risibar daga kamfani, da kansa yake bin mita ɗaya bayan ɗaya yana kwaso duk abin da dish ɗin yake gani, sunan tauraron da ka zaɓa lakabi ne kawai. Ni ko na san tauraron ma shi nake yi, saboda tashoshi suna yawan canza mita kuma jerin da ke zuwa da risiba sau da yawa ya tsufa tun tana cikin kwali. Yana ɗaukar 'yan mintuna, ka bar shi ya kai 100, kar a kashe a tsakiya. Ka saka FTA Only a kan Yes don kar ya cika maka jeri da tashoshin da suke kulle.

Bayan ya gama ka zauna ka tace. Musamman gidan da akwai yara, sikanin baya zaɓe, duk abin da ya gani kwasowa yake, akwai tashoshin da basu dace a bari a falo ba, a goge su ko a saka musu lambar sirri, kuma a canza 0000 ɗin nan don yaran yanzu sun fi mu saninta. Ka jera waɗanda ake kallo kullum a farko yadda tsofaffi ba sai sun yi ta danne-danne ba.

Yaushe ne za a kira mai gyara? Idan ka sake kan waya, ka tabbatar da saiti, ka gwada duk ramukan DiSEqC, ka yi Blind Scan bai kamo ko tasha ɗaya ba. Tsawar da ta kashe risiba tana iya haɗawa da LNB ko akwatin DiSEqC, don ta wayar take shigowa, shi yasa idan hadari ya haɗo gara a cire wayar dish daga bayan risiba ba soket kaɗai ba. Gwaji mai sauƙi shine ka kai risibar gidan makwabci mai irin tauraronka ka jona, in ta yi aiki can to matsalar tana samanka. Ko a nan ma ka ce masa ya fara cire DiSEqC ya jona waya kai tsaye da LNB, sannan ya gwada wani LNB, kafin ya kwance ko noti ɗaya na jikin dish. Kuma ba a yin wannan gwajin ana tsakiyar ruwan sama, ƙaramin dish dama yana ɗauke sigina idan ruwa ya yi ƙarfi, ya dawo da kansa in an ɗauke.

In komai ya zauna, yawancin risibobin yanzu suna da wajen USB, ka saka filash ka shiga Tools ko Upgrade ka nemi inda aka rubuta Backup ko Dump ka ajiye jerin tashoshinka. Ranar da wani yaro ya danna Factory Reset minti biyu ka dawo da komai. Amma fayil ɗin na irin wannan risibar ne kaɗai, kar ka ɗora shi kan wata daban, zai iya kashe ta.