Abin da jifsam ɗin Dange ya koya mini

Na miƙa kundin digirina na biyu a ilimin duwatsu, kuma ba na jin zan sake taka sashen. Wannan na masu shirin fita fil, wato binciken duwatsu a fili, a yankin Sakkwato ne.

Jerin shimfiɗun duwatsun yankin, daga ƙasa zuwa sama, dai kowa ya haddace shi: Taloka, Dukamaje, Wurno, sannan Dange, Kalambaina, Gamba. Teku ya ratso Sahara a ƙarshen zamanin Kiretashiyos, ya ja baya, ya dawo a zamanin Faliyosin da ya fara shekara miliyan 66 da suka wuce. Dutsen Kalambaina da ake siminti da shi, a ƙarƙashin wannan ruwan ya kwanta.

A kan jifsam, ma'adinin da akan samu inda ruwan gishiri ya ƙafe, muka saɓa da malamin da ke duba aikina. A wurinsa, duk inda aka ga jifsam, teku ne ya ƙafe, don haka in zana janyewar ruwa a tsakiyar Dange. Ni kuwa da guduma a hannu abin da na gani daban ne. Jijiyoyin jifsam ɗin sun ratsa falle-fallen yumɓun a tsaye da a karkace, sun cike tsaga, zarensu ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da ya yanka shimfiɗa ai bayanta ya zo. A cikin yumɓun kuma ga haƙoran kifi, ga dunƙulen fosfet. Fairait ne, ma'adinin ƙarfe da ƙibiritu, ya haɗu da iska da ruwan sama, tsaminsa ya ci ɓawon halittu, jifsam ya fito daga baya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga hotuna." Bai ko kalla ba. "Kai za ka koya mini Dange?" Ya ce ko in cire babin, ko in nemi mai sa hannu. Na cire.

Ranar kare kundi, tambayar farko da mai jarrabawa daga waje ya yi ita ce ta asalin jifsam ɗin. Malam ya gyara zama ya ce ai ya sha gargaɗina. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake.

Sauran shawarata kaɗan ce. Adana kowane gyaran malaminka da jan bironsa da kwanan wata. Kada ka ɗauki hoto ba ma'auni. Gaida mai gari kafin ka sa guduma. Rami ɗaya ba ya nuna hawa da saukar tekun duniya, domin ƙasa ma tana nutsewa.

Babin da aka sa na cire yana hannun wata mujalla yanzu, da sunana ni kaɗai.