Yawon kallon fitilun Kirsimeti a Landan

Asabar, cikin watan Disamba.

A wannan wata rana tana faɗuwa a Landan tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Niyyata in lafe a ɗaki, amma ɗiyar yayana ta kafe sai mun je kallon fitilu. Bayan magariba muka ɗaura rigunan sanyi, muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Oxford Circus.

Fitowarmu ke da wuya muka tsinci kanmu cikin cunkoso, ba masaka tsinke. Titin Oxford an jera masa taurari masu haske daga wannan gefe zuwa wancan. Suna da kyau, sai dai turereniya ba ta bar mu mun ɗaga kai yadda ya kamata ba, don haka ba mu daɗe ba muka karkata zuwa titin Regent.

Nan ne yarinyar ta yi cak. Manyan siffofi masu fukafukai, waɗanda suke kira mala'iku, rataye a sama ɗaya bayan ɗaya, suna bin lanƙwasar titin har Piccadilly Circus. Jajayen bas masu hawa biyu na wucewa ta ƙarƙashinsu. Ta ja hannuna, ta ce, "Goggo, kin ga fukafukan suna motsi?" Haske ne yake gudu a jikinsu, amma lalle kamar suna kaɗawa. A wannan titi aka fara ƙawata tsakiyar birnin da fitilun Kirsimeti a 1954, titin Oxford ya biyo baya a 1959. 'Yan kasuwar titin Regent ne suka haɗa kai suka fara, kuma har yau ciniki na cikin dalilin abin. Ba na ganin laifinsu. Wanda ya shafe makonni yana fita aiki cikin duhu yana dawowa cikin duhu, ya san amfanin wannan haske.

Amma abin da ya tsaya mini a rai yana dandalin Trafalgar. Bishiya ce guda ɗaya, tsayinta kamar mita 20, an sako mata fitilu daga sama zuwa ƙasa a miƙe, yadda mutanen Norway suke yi. Idan aka kwatanta da ƙyale-ƙyalen da muka baro, ba ta da wani ado, kuma kusan kowace shekara sai an samu masu kushe ta a intanet, wai ta rame. Raina ba ya son wannan kushe. Oslo, babban birnin Norway, ne yake aiko ta kyauta kowace shekara tun 1947. Lokacin da Jamus ta mamaye Norway a 1940, Sarki Haakon na 7 da gwamnatinsa Landan suka yi gudun hijira, suka zauna har Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945. Bishiyar ita ce godiyarsu. A dajin da ke kusa da Oslo ake sare ta cikin Nuwamba, a ɗoro ta a jirgin ruwa, ta tsallako teku. Yawancin waɗanda suka ga yaƙin sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuma ba su fasa aikowa ba.

Na yi wa yarinyar wannan bayani. Ta yi shiru, can ta ce, "To Goggo, su ba a ce musu ya isa haka ba?" Na ce ko an faɗa, ba na jin za su daina.

Wasu mawaƙa sun taru a gindin bishiyar suna rera waƙoƙin Kirsimeti, ana tara kuɗin agaji. Mun ɗan saurara, har yatsun ƙafata suka fara sandarewa. Muka gangara tashar Charing Cross. Tun a jirgi ta fara roƙon mu je unguwar Covent Garden mako mai zuwa, na ce ta tambayi babanta tukuna.