Littafin da Manya Ke Yabo da Wanda Yara Ke Ɗauka

Aikin laburaren makaranta ya nuna mini cewa littattafan yara iri biyu ne: akwai wanda manya ke yabo, akwai kuma wanda yara ke ɗauka. Wani lokaci sukan haɗu a littafi guda, amma ba kullum ba. Bambance su ba wuya. Na farko yana nan kan kanta da sheƙinsa. Na biyu kuwa bangonsa ya kwaye, an liƙe gefensa da salatif, kuma kafin a dawo da shi wani ya riga ya kama layi. Na daɗe ina kwatanta su, ina kuma karanta wa yara a bayyane ina duban fuskokinsu, domin yaro ba shi da kara a wannan fanni. Da labari ya gundure shi zai koma wasa da igiyar takalminsa.

Abin da ke riƙe yaro shi ne tambayar nan ta "sai me ya faru?" Ba ya yin ta kuwa sai in akwai wani a cikin labarin da ya damu da shi, wanda ke neman wani abu ruwa a jallo, wani abu kuma ya tare masa hanya. Ba sai abin ya zama babba a idonmu ba. Tsoron duhu, ƙani da aka haifa ya ɗauke hankalin kowa, ƙawa da ta daina kula ki ba dalili, laifin da aka ɗora maka alhali ba kai ka yi ba: waɗannan a wurin ɗan shekara bakwai manyan al'amura ne, kuma marubucin da ya ɗauke su da irin nauyin da yaron ke ɗaukarsu shi ne ke samun kunnensa.

Inda littattafai da yawa ke faɗuwa shi ne ƙarshe. Za a kai yaron cikin labari tsaka mai wuya, sai kawai wani babba ya ɓullo ya warware matsalar, ya kuma bi da dogon jawabi. Ana kaiwa nan nake ganin idanun masu saurare sun bar kaina. Sun yi tafiya tare da yaron nan, suna so su ga shi da kansa ya fitar da kansa, ko da dabararsa ba ta kai ta manya ba. Ba ina cewa a raba littafi da tarbiyya ba ne, ni ma ita nake so wa yaran nan. Sai dai darasin da ya fi zama shi ne wanda yaro ya tsinto da kansa. In yarinyar cikin labari ta yi ƙarya, ƙaryar ta ja mata abin da ta ja mata, to an gama. Za ka ji yara suna gardama a kan ko ta kyauta ko ba ta kyauta ba, kuma abin da ke fitowa daga bakinsu ya fi duk jawabin da marubuci zai liƙa a shafin ƙarshe.

Hoto kuma ba ado ba ne. Tun 1658 wani malamin Turai, John Amos Comenius, ya fitar da littafin koyar da yara mai haɗa kalma da hoto, amma har yau wasu na ɗaukar mai zane tamkar mai cike gurbi. A littafin da ya ƙeru, hoto yana faɗin abin da rubutu ya yi shiru a kai. Rubutu ya ce yaro na tafiyarsa hankali kwance, hoto kuma ya nuna wata dabba tana laɓe bayan bishiya. Yaron da bai iya karatu ba shi zai fara hango ta, ya yi ihu, ya ji ya riga mai karantawa sanin wani abu. Yawancin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, saboda a maɗaba'a ana naɗe babbar takarda ne ta ba da shafi 8 ko 16. Wannan ƙarancin fili yana tilasta wa marubuci tsimin kalma, gwanaye kuma sukan ajiye abin mamakin a bayan shafi, yadda sai an juya za a gani.

Ƙarancin kalmomi ba talaucin harshe ba ne. A 1960 marubucin Amurka Dr. Seuss ya fitar da littafi mai kalmomi 50 kacal da yake ta jujjuyawa, kuma har gobe ana sayensa. Maimaici da kari da amo su ne ke sa yaro ya haddace, ya riƙa amsawa kafin a kai wurin. Masu nazarin karatu sun nuna cewa kafin mutum ya fahimci rubutu ba tare da taimako ba, sai ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin. Malamai ma kan sa yaro ya karanta shafi guda yana ɗaga yatsa duk inda ya ci karo da baƙuwar kalma. In yatsu biyar suka tashi, littafin ya yi masa nauyi a yanzu. Duk da haka ban son a share kowace kalma mai wuya. Yara na jin daɗin babbar kalma guda da za su riƙa taunawa suna burge 'yan'uwansu da ita.

Matasa nasu daban ne. Daga nesa suke jiyo warin raini, kuma ba sa yafe wa littafin da ya yi musu ƙaryar cewa duniya lafiya lau take. Suna da tambayoyi kan abota da soyayya da rashin adalci da mutuwa da abin da za su zama, in ba su sami mai yi musu maganar da gaskiya da mutunci ba, za su nema a wani wuri. Ba mamaki da littafin da ake yawan ambata a farkon bunƙasar adabin matasa a Amurka wata ɗaliba ce, S. E. Hinton, ta rubuta shi tana sakandare, ya fito a 1967 tana da shekara 18. Muryar ta tsaransu ce, suka gane ta. A 1990 kuma Farfesa Rudine Sims Bishop ta kwatanta littafi da madubi da taga: yaro na bukatar ya ga kansa a ciki, yana kuma bukatar ya leƙa rayuwar da ba tasa ba. Wanda bai taɓa cin karo da mai kama da shi a littafi ba, ko da harshen da ake yi a gidansu, a hankali yakan yanke cewa karatu na wasu ne.

Na kuma koyi sakin hannu a wajen zaɓi. Wani ba ruwansa da ƙagaggen labari, ba shi littafin ƙwallo ko na jiragen sama ka ga aiki. Wata labarin zane take so, wani kuma littafi ɗaya zai yi ta nanatawa. Duk karatu ne. Rahoton da OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, ta fitar a 2002 ya nuna cewa 'yan shekara 15 daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ke karatu don sha'awa, sun fi 'ya'yan masu hali da ba su damu da karatu ba samun maki a gwajin karatu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne matashin da aka bari a baya. Shekararsa goma sha huɗu, amma ƙarfin karatunsa na ɗan aji uku na firamare ne. Littafin tsaransa ya fi ƙarfinsa, wanda zai iya karantawa kuma bangonsa zanen zomo ne, ba zai yarda abokansa su gan shi riƙe da shi ba. Sai ya ce shi dai ba ya son karatu, alhali kunya ce. Abin da yake bukata littafi ne mai gajerun jimloli da gajerun babuka, amma labarin na saurayi kamarsa, bangon kuma irin wanda zai fito da shi daga jaka ba tare da ya waiga ba. Irin waɗannan su ne mafiya ƙaranci a kan kantocina, kuma duk marubucin da ya tambaye ni me zai rubuta wa yara, su nake fara roƙonsa.