Faɗuwa ta tsaya, amma yaron bai koma makaranta ba

Wata takwas ke nan farfaɗiyar yaron ba ta tashi ba. Duk ƙarshen wata mahaifiyarsa na kawo shi ɗan asibitinmu, in duba kati, in ƙirga musu ƙwayar carbamazepine, su tafi. A lissafina aiki ya yi kyau. Sai wata Talata, ta kai bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Sista, don Allah babu maganin da zai sa ya koma makaranta?"

Ashe tun ranar da farfaɗiya ta kayar da shi a tsakiyar aji, fitsari ya kuɓuce masa, yara suka watse suna ihu kada yawunsa ya taɓa su, bai sake taka ƙofar makaranta ba. A gida ma an ware masa kofi da kwano. Shekararsa 11. Ya daina fita ƙwallo, abu kaɗan sai ya rufe ƙannensa da duka. Duk watannin nan uwar nake tambaya, shi ban taɓa ce masa ko "yaya kake?" ba.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, ba likitar ƙwaƙwalwa ba. Da na ambaci asibitin masu taɓin hankali, uwar ta girgiza kai: "Ana ce masa mai aljanu, yanzu kuma a ƙara da mahaukaci?" Ban ga laifinta ba.

Shi ya sa binciken da mujallar Lancet ta buga a 2024 ya tsaya mini a rai. A Birtaniya aka yi shi, da yara 334 masu farfaɗiya, 'yan shekara 3 zuwa 18, waɗanda ke fama da fargaba, ƙuncin rai ko rikicin hali. Ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba aka horar, suna zantawa da yaran da iyayensu ta waya ko bidiyo, har zama 20, ƙwararru na duba aikinsu. Bayan wata shida yaran sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka bari da kulawar da aka saba, iyayen ma hankalinsu ya fi kwanciya. Mu ma nan, shirin BRIDGE ya horar da irinmu a Kano da Zariya da Kaduna kan gano farfaɗiyar yara da ba da magani. Wanda aka koya wa ƙirga ƙwaya, a ƙara masa da yadda zai zauna da yaron, a ba shi wanda zai kira idan abu ya fi ƙarfinsa.

Ban jira horon ba. Na ce uwar ta zo da kofinsa, na sha ruwa da shi a gabansu, na ce yawu ba ya yaɗa wannan ciwo. Na je wurin hedimasta, na nuna wa malamai yadda ake kwantar da yaro ta gefe idan ya faɗi, kada a cusa masa cokali a baki. Yaron kuma muka yi alkawari da shi: makon farko iyakarsa bakin get, na biyu darasi ɗaya.

Sau biyu yana juyowa daga hanya. Jiya uwar ta kira ni, ta ce ya zauna har aka tashi tara, kuma wani yaro ya sammasa gyaɗa.