Darussan da Na Koya Wajen Haɗa Allunan Ces Uku

Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare da ke ƙauye a yankin Ringim, kuma da masu son wasan ces suka yi yawa a cikin ɗalibaina, sai na ɗauki aikin tsara wani salo da mutum shida za su buga tare a kan alluna uku masu haɗe da juna, uku a ɓangaren farare, uku a ɓangaren baƙaƙe. A kwali muka zana allunan, kowanne da gidajensa 64 kamar yadda aka saba.

Wasu sun riga mu bin wannan hanya. A 1907 Bajamushe Ferdinand Maack ya fito da salo mai hawa-hawa, wanda daga baya ya tsaya a kan alluna biyar, a 1953 kuma Baturen Ingila V. R. Parton ya ƙirƙiro wani mai allo biyu, inda duk ɗan ces (sarki, doki, soja da sauransu) da ya motsa yake komawa gidan da ya yi daidai da nasa a ɗaya allon. Amma waɗannan duka wasannin mutum biyu ne, shi ya sa ba su warware mini abin da ya fi ba ni wuya ba, wato tsarin wanda zai taka da lokacin da zai taka.

Idan mutum shida suka bi layi ɗaya, kowane yaro zai jira taku biyar kafin nasa ya zagayo, kuma kafin nan dabarar da ya ƙulla ta tsere masa, hankalinsa ya koma waje. Idan kuwa aka bar kowane allo ya tafi da saurinsa, sai doki ya faɗo wa yaro daga wani allo yana tsakiyar tunani, gardama ta kaure a kan wanda ke da taku. Abin da ya zaunar da wasan shi ne farare uku su taka a lokaci ɗaya, baƙaƙe uku su biyo baya, sannan duk ɗan da zai tsallaka zuwa wani allo ya tsaya a ƙofa, wato gefen allon da ake tsallakawa ta nan, har zagaye ɗaya ya cika, kowa yana ganinsa. A ganina wannan jira shi ne ran wasan, domin yana ba wanda za a kai wa hari damar shiri.

Faɗin ƙofar ma ya koya mini abu. Lokacin da gefen allo gaba ɗaya yake buɗe, sarauniyoyi sukan taru a kan yaron da ya fi rauni, a gama da shi tun bai fitar da dawakinsa ba, kuma na ga yadda hakan yake karya wa yaro zuciya. Muka rage ƙofar zuwa gida biyu a kowane allo, muka hana sarki da sarauniya tsallakawa, sai ga ƙananan sojoji da dawakai sun sami daraja. Ɗalibai masu rauni ne suka tona wannan aibi, domin gwanaye sukan rufe gurbin doka da ƙwarewarsu.

Yanzu ɓangaren da ya kama sarakuna biyu shi ne ya ci wasa. Yaron da aka kama sarkinsa kuma ba ya tashi, yakan ci gaba da tura sauran 'ya'yansa ta ƙofa don taimaka wa abokansa, ɗaya a kowane zagaye.